Hayaƙin Gidajenmu da Haƙƙinmu na Shaƙar Iska Mai Tsabta

 

Maganarmu ta yau a kan hayaƙi ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa a nan Kafanchan suka ajiye risho da tukunyar gas suka koma itace da gawayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ƙurar da ke cikinsa ta fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba, tana wucewa huhu har ta shiga jini. Daga nan ake samun nimoniya ga yara, da tarin da ba ya jin magani, da yanar ido ga iyayenmu mata. Yaron da ke goye a bakin murhu yana shaƙar duk abin da uwarsa ke shaƙa, alhali huhunsa bai yi ƙwari ba.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne janareta a zaure ko kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. A fitar da janareta fili, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo. A ɗaure shi da sarƙa.

To, ina haƙƙinmu? Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare iska da ruwa da ƙasa. Sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda ta zama dokar Nijeriya a 1983, ya ba kowace al'umma haƙƙin muhalli mai kyau. Babu inda aka ce sai mai takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kada wani ya ce mana mu baƙi ne, mu yi shiru.

Idan mai injin niƙa ko gidan burodi ya juyo muku bututun hayaƙi, a fara da magana ta maƙwabtaka, sai mai unguwa. In abin ya faskara, ku zo ofishin ƙungiya mu rubuta koke zuwa ga duba-gari na Ƙaramar Hukumar Jama'a, mu ajiye kwafi. Wanda bai iya rubutu ba, za mu rubuta masa ya sa hannu.