Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Ciwon Sukari, Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Sokode Da Dapaong



Maganarmu ta yau a kan ciwon sukari ce. Da can muna ce masa ciwon masu kuɗin birni, amma yanzu ya shigo ruga, ya shigo kara. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Togo ta yi a 2010 ya nuna wajen mutum 3 cikin 100 na manya suna da shi. Da aka sake yi a 2021, sai aka tarar sun kai kusan 5.

Me ya kawo haka? Iyayenmu a ƙafa suke bin shanu tun hantsi har faɗuwar rana, abincinsu nono da tuwon dawa. Mu kuwa mun sayi babur, mun ɗauki yaran kiwo, mu wuni zaune a rumfar kara muna ciniki. Shayi zubi uku da sukari cike da hannu, ga madarar gwangwani, ga lemon kwalba, fura ma sai an zuba mata sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin babban mutum ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Kowa ya ƙirga nasa.

Ga yadda likitoci suka bayyana mana ciwon. Akwai wani sinadari a jiki, insulin, shi ke kai sukarin abinci inda zai zama ƙarfi. In ƙiba ta yi yawa, ga rashin motsi, sai ya kasa aiki, sukari ya taru a jini yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Akwai kuma gado. Alamominsa su ne yawan fitsari da dare, ƙishirwa, rama ba dalili, ganin hazo, da gyambon da ya ƙi warkewa. Wani kuma ya shekara da shi bai ji komai ba.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, duk wanda ya kai shekara 40 ya je babban asibitin Sokode ko na Dapaong da safe kafin ya karya, a ɗiga jinin yatsa. In awo ya kai 1,26, a sake gwadawa. Na biyu, a rage sukarin shayi. Na uku, a yi tafiyar ƙafa ko ta rabin awa kullum. Na huɗu, mai ciwon ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya shiga daji ba takalmi, don ƙaya kan soke shi bai ji ba, har ta kai ga yanke ƙafa. Kada ya bar maganin asibiti don wani ya ce zai warkar da shi da sassaƙe, kuma ya ga likita kafin azumi.

Jama'a, ba mu yarda saniya ta wuce lokacin allura. To mai saniyar fa? In ya kwanta, garken ne za a sayar ɗaya bayan ɗaya a biya magani.

Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu. Wassalam.