Kafin Ka Zagi Sabis, Duba Cajarka

 Yau daga Amarawa nake magana, nan bakin iyakar Illela, inda in ka miƙa kaɗan sai ga ka a Ƙonni.

Muna da wani ɗan ɗaki da ƙannenmu ke zuwa gwajin jarabawar JAMB. Kwamfutar da muke aiki da ita Raspberry Pi 4 ce, 'yar mitsitsiya kamar katin banki, tana tafiya da Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara a 1991. Mun soka mata modem na USB, ita kuma tana raba wa wayoyin yara intanet.

To, ana saura kwanaki a shiga jarabawa, sai abu ya fara jan ƙafa. Shafi ɗaya sai ka sha shayi bai buɗe ba. Kowa ya ce, "Ai sabis ne." Har na fara shirin tara kuɗi mu canja layi. Sai na ce a'a, ruwa ba ya tsami banza, bari in auna.

Ƙa'idar ita ce ka fara daga kusa, sannan ka yi nisa. Akwai umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Kamar sallama ce: ka aika, ka ƙirga lokacin da za a amsa. Da farko ka yi wa modem ɗinka, sannan 8.8.8.8 na Google, sannan sunan wani shafi. In lamba ta amsa da sauri amma suna ya yi nawa, matsalar DNS ce, wato mai juya suna ya koma lamba. Mu 'yan iyaka kuma da ƙari: duba ko layinka bai tsallaka ya kama sabis ɗin Nijar ba.

Wallahi ban ma kai mataki na biyu ba. Modem ɗin da ke jikin kwamfutar, ina kallonsa, shi ma sai ya amsa sau uku ya yi shiru. Na buga dmesg, sai ga gargaɗi jere: wuta ba ta isa. Pi 4 tana son caja mai volt 5, amfiya 3. Ni kuwa tsohuwar cajar wayata na ba ta, ga modem yana jan nasa rabon. Laifina ne. Muka sayo cajar da ta dace, komai ya miƙe.

Ba wai kullum laifin na cikin ɗaki ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a wajen Kwaddibuwa, babu cajar da za ta cece ka. Amma sai ka auna za ka san wanne ne.

Ku rubuto mana abin da ping ɗinku ya nuna, mu duba tare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.