Darasi Daga 'Yan Badujalar Grimethorpe



A lardin Yorkshire na ƙasar Ingila akwai wani ƙauye, Grimethorpe, inda masu haƙar kwal suka kafa ƙungiyar badujala a shekarar 1917. Magidanta ne, in sun fito daga rami sai su ɗauki ƙahonin tagulla su yi gwaji.

A watan Oktoba na 1992 gwamnati ta sanar za a rufe mahaƙar. Kwanaki kaɗan bayan haka suka tafi Landan, ƙarƙashin madugunsu Frank Renton, suka cinye gasar ƙasa baki ɗaya. An rufe mahaƙar a 1993, amma ƙungiyar ba ta watse ba.

Ku lura, madugun badujala ba ya busa komai. Aikinsa ya saurari kowa, ya tsayar da lokaci da sandarsa, ya hana mai ƙarfin huhu danne na kusa da shi.

Jama'a, mu ma neman abinci ya warwatsa mu birane. In shugabanninmu suka yi irin wannan sauraro, mu kuma muka riƙa halartar taro, zumuncin garinmu ba zai mutu ba.

Allah Ya yi mana jagora.