Dajin Gabi da Yaƙin Katsinawan Maraɗi

  

Nijar ta karɓi mulkin kanta ranar 3 ga watan Agusta 1960 ba tare da an ja daga ba. Saboda haka duk baƙon da ya zo Gabi yana cigiyar yaƙin ƙwatar ƴanci, sai a koma da shi baya wajen shekara 140 kafin wannan rana, zamanin da ba a san mulkin Nasara ba a ƙasar nan.

Wajajen 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje. Sarki Magajin Haladu ya yi arewa, ajali ya cim masa a Ɗankama. Ɗan Kasawa, wanda ya gaji sarautar, ya nemi mafaka a Damagaram, ƙasar gulbin Maraɗi kuwa ta koma hannun wani wakili mai suna Mani. Wajajen 1819 mutanen gulbi, manoma da maharba, suka yi masa bore, suka kashe shi, suka buɗe wa Ɗan Kasawa hanya. A nan ya kamata a dakata kaɗan, don maroƙa sun fi ambaton sarakuna: talakawa ne suka fara ɗaukar kwari da baka, sarki daga baya ya iso.

Yaƙin bai ƙare nan ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara a Gawakuke, inda Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama. Duk da haka Maraɗi ba ta miƙa wuya ba, kuma zamanin Ɗan Baskore, daga 1854 zuwa 1875, dawakinta ba su huta da kai hari kudu ba.

To, ina rabon Gabi cikin wannan labari? Rabonta shi ne daji. Ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ta zama fagen fama, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma ƙungurmi, ya zamanto dajin ne garkuwar kowane ɓangare. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa gabashin wannan daji a farkon 1851, daga Gazawa zuwa Katsina, ya ga kufan Ɗankama, ya kuma rubuta irin fargabar da ayari ke ciki a hanyar. Baban Rafi da gandayen dajin Gabi suna cikin ɗan abin da gatari ya bari na wancan daji, kuma dattawan da suka san giwaye a Baban Rafi ba su ƙare ba tukuna.

Gado na biyu iyaka ce. Yarjejeniyar 1898 ta bar Maraɗi a kason Ingila, sai ta 1904 da ta 1906 suka maida ta hannun Faransa, Katsina ta zauna wa Ingila. Ayarin Kaftin Tilho ya bi ƙasa yana kafa alamomi, layin kuwa ya ratsa ta tsohon fagen daga. Shi ya sa Bagabe ke ƙetare iyaka don ya gaida kawunsa.

Sarautu ma sun tsira: har yau Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma fadarsa ta riƙe Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi kamar yadda aka taso da su daga birni.

Ba a tono wannan tarihi don tada tsohon miki ba. Jikokin ɓangarorin biyu sun daɗe da yin auratayya, kasuwa ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke bi a masallaci. Abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ne, tun wajajen 2019 ƴan bindiga sun maida dazuzzukan iyaka maɓoya, suna kore shanu, suna kama mutane don kuɗin fansa, kuma ba su tambayar Bahaushe ne ko Bafulatani. Dajin da ya tsare kakanni, yanzu shi ne manomin Gabi ke waiwaye kafin ya duƙa noma.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasar Gabi lafiya.