Edward Blyden: Ɗalibin da Aka Kora, Malamin da Ya Buɗe Ƙofa



An nemi in yi magana a kan wani magabaci a wannan sana'a tamu, sai na zaɓi Edward Wilmot Blyden. An haife shi a 1832 a tsibirin Saint Thomas da ke yankin Karibiyan, wanda a lokacin yake hannun ƙasar Denmark. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta. A 1850 wani limamin coci da ya ga hazaƙarsa ya tura shi Amurka domin ya shiga kwalejin koyon addini ta Rutgers. Aka ƙi karɓarsa saboda baƙar fatarsa. Ya gwada wasu kwalejoji biyu, su ma suka juya masa baya.

Da ƙofa ta rufe, sai ya shiga jirgin ruwa zuwa Laberiya, ya sauka a farkon 1851, yana saurayi, baƙo. Ya shiga makarantar Alexander da ke Monrovia a matsayin ɗalibi, kuma a 1858 shi ne shugabanta. Kafin nan ya riga ya riƙe editan jaridar Liberia Herald. Daga baya ya koyar da Girkanci da Latin a Kwalejin Laberiya, ya riƙe muƙamin sakataren harkokin waje, sannan ya shugabanci kwalejin daga 1880 zuwa 1884. A Freetown ta Saliyo ma ya kafa jarida mai suna The Negro a 1872.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne tafiyarsa Masar da ƙasar Sham a 1866. Blyden limamin Kirista ne, duk da haka ya duƙufa kan Larabci, ya shigar da shi cikin darussan kwalejinsa. Ya shiga garuruwan Musulmi na cikin ƙasa, ya ga yara da alluna da malamai masu littattafai, a zamanin da Turawa ke cewa Afirka ba ta san rubutu ba. Abin da ya gani ya zama ginshiƙin littafinsa na 1887 kan Kiristanci da Musulunci da baƙar fata. Hujjarsa ita ce, karatun da zai sa yaro ya raina kansa da iyayensa, yana ta kwaikwayon wasu, ya cuce shi ko da ya ba shi takardar shaida. Daga 1901 zuwa 1906 shi ne daraktan ilimin Musulmi a Saliyo, inda ya yi ƙoƙarin haɗa wa yara Larabci da boko a makaranta ɗaya. Ya rasu a Freetown a 1912, ba tare da ya tara wata dukiya ba.

'Yan'uwa, matsalar da ya fuskanta tana nan a gabanmu. Yaro zai zo mana daga tsangaya da izu ashirin a ka, mu zaunar da shi a bayan aji kamar bai taɓa karatu ba, don kawai ba ya jin Turanci. Ɗan gudun hijira zai zo ba takarda, mu ce babu gurbi. Ko kusa ba na raina kukanmu na albashi da cunkoson aji, ƙungiya kuma za ta ci gaba da neman haƙƙinmu. Sai dai karɓar yaro ko korarsa, sau da yawa a hannun malami ɗaya yake, a bakin ƙofa ɗaya.

Wanda ya kori Blyden a 1850 bai san wa ya kora ba. Ina roƙonmu, ranar Litinin idan baƙon yaro ya tsaya a ƙofar aji, mu fara tambayarsa abin da ya iya, mu ɗora daga nan.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a aikinmu.