Gyara Kafin Gini: Sharaɗinmu Ga Mai Neman Ƙuri'ar Tambuwal Da Kebbe

Jawabin da ɗaya daga cikin jagororin tafiyarmu ya gabatar ga shugabannin mazaɓu na ƙananan hukumomin biyu. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa.

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, 'yan uwana matasa, Allah ya saka da alheri. Na san akwai wanda ya baro gona, akwai wanda ya taso daga Kuchi ko Girkau tun da asuba, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Maganata kan kuɗin gwamnati ce, da aikin da ya kamata su yi muna.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da anka cire tallafin man fetur, kason da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari, kuma 23 daga cikinsu namu ne na Jihar Sakkwato. Sai dai siminti ya tashi, gas ya tashi, magani ya tashi, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Kuɗi sun yi yawa ga takarda, sun yi ƙaranci ga kasuwa. Ke nan duk naira ɗaya da ta ɓace, wani yaro ne ya rasa benci, wata mata ce ta rasa allura.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Mun yi murna, ko da yake aiwatarwa na tafiyar hawainiya. To amma ranar da kuɗin sunka iso hannun ciyaman cif-cif, mi za a yi da su? In tulu na yoyo, ƙara mai ruwa ba ya cika shi.

Babban yoyon da nake gani shi ne son sabon gini da ƙin gyara. Ku ɗauki ruwan sha. Ƙaramar hukuma na haƙa burtsatse, hukumar RUWASSA ta jiha na haƙawa, ɗan majalisa na haƙawa cikin aikin mazaɓa, ƙungiyoyin agaji ma na haƙawa. Kowa ya kafa allo da sunansa, a ɗauki hoto, a watse. Bayan shekara roba ta cinye, ko sanda ta karye, ko injin sola ya ƙone. Wa ke da alhakin gyara? Babu. Mata da yara su koma rijiya da tafki. Zaɓe na matsowa sai a zo a haƙa wata kusa da matacciyar, da miliyoyi, alhali abin da ya kashe ta farko bai kai kuɗin tunkiya ba.

Dalili a fili yake. Sabon gini kwangila ce, akwai kaso, akwai biki. Gyara ba ya da ko ɗaya.

Haka abin yake ga makaranta. Iskar farkon damina ta yaye kwano biyu, ba a mayar ba. Ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, bango ya tsage. Abin da kafinta zai gama da yini ɗaya ya koma sabon aji. Haka ga asibitin ƙauye: gini da fenti, amma ba ungozoma, ba magani. Ga mutanenmu na Kebbe wanga ba ƙaramin abu ba ne. Kun san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Matar da naƙuda ta kama da dare a Sangi ko Ungushi, in asibitin mazaɓarta a rufe yake, wace hanya za a bi da ita, kuma wa zai yarda ya ɗauko ta?

Kada wani ya ce muna jifan wata gwamnati guda. Daga 1999 zuwa yau mun ga Bafarawa, mun ga Wamakko, mun ga Aminu Waziri Tambuwal, ga Ahmed Aliyu a kai. Wannan mazaɓa tamu ta Kebbe da Tambuwal ta ba Najeriya kakakin majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2015, ta ba jiha gwamna shekara takwas. Ba mu rasa manya a sama ba. Abin da munka rasa shi ne tsari a ƙasa, wanda zai ci gaba ko wa ke kan kujera. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin Usulus Siyasa, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba.

Don haka ga abu huɗu da nake roƙon mu sa gaban duk mai neman ciyaman, kansila ko ɗan majalisa da sunan tafiyarmu.

Na ɗaya, a ƙidaya abin da ake da shi. Tambuwal na da mazaɓa 11, Kebbe na da 10. Kowace mazaɓa ta rubuta burtsatse nawa ke akwai, nawa ke aiki, aji nawa ke da rufi, asibiti nawa ke buɗewa. Littafi da biro da wayar ɗaukar hoto sun isa. Ba sai an ɗauko ƙwararru daga Abuja ba.

Na biyu, a ware kason gyara cikin kasafin kuɗi, kuma kada a haƙa sabuwa ga garin da ke da matacciya mai gyaruwa. Nan ne Tambuwal da Kebbe za su iya haɗa kai. Maƙwabta ne. Mi zai hana su riƙe ayarin masu gyara guda, mota guda, ɗakin ajiyar kayan gyara guda? Mi zai hana su sayi benci da alli da magani tare? Duk ɗan kasuwa da ke nan ya san farashin sari ba ɗaya yake da na sayen ɗai-ɗai ba.

Na ukku, albashi. Shi ke cin mafi yawan kason ƙaramar hukuma. A tantance da BVN, a biya ta banki, amma a je wurin aikin a gani da ido, don mai BVN na iya karɓar albashin Margai shina zaune Sakkwato. Ma'aikatan da sunka taru hedikwata ba aikin yi, a rarraba su inda ake bukata, a ƙara wani abu ga wanda ya yarda ya zauna ƙauye mai nisa. Kuma ina gargaɗi, kada tantancewa ta zama sandar dukan ɗan adawa. Ranar da munka yi haka, mun halatta a yi muna.

Na huɗu, a bayyana lissafi. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga Abuja ana buga shi, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da shi. To ciyaman ya liƙa nasa ga allon sakatariya duk wata, da Hausa: ga abin da ya shigo, ga na kasuwa da tasha, ga inda ya tafi. Kuɗin kasuwar Tambuwal da ta Dogon Daji su zama da rasit mai lamba. Sannan a bi kuɗin da doka ta riga ta ware, irin na UBEC da dokar 2004 ta tanada, wanda sai jiha ta zuba nata kason ake sakinsa, da asusun kula da lafiya a matakin farko na dokar lafiya ta 2014. Aikin wakilanmu ne su tsaya su ga rabonmu ya iso.

Na san abin da wasu ke faɗi cikin zuci: "Gyara ba ya kawo ƙuri'a, kuma yaranmu mi za su ci?" Ɗan uwa, kwangilar miliyoyi mutum ɗaya ke cin ta, sau da yawa ma ba ɗan garin ba. Gyara kuwa na kafintan Jabo ne, na mai walda na Sanyinna, na makanikin Kebbe. Batun ƙuri'a kuma, ku tambayi iyayenmu mata da ke zaune nan. Wadda ta yini tana jan guga ba ta manta wanda ya maido mata da ruwa.

Kada mu jira sai mun ci zaɓe. Kowane shugaban mazaɓa ya koma gida ya fara ƙidayar nan, ya kawo ta zamanmu na gaba. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya, mu aje mai ita gabansa, mu ce ya faɗa muna wanne zai fara gyarawa, da nawa, kuma yaushe. Wanda ya kasa amsawa gaban mutanen mazaɓarsa, ba zai amsa ba in ya shiga ofis.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kebbe da Tambuwal da jiha baki ɗaya, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa mu da shugabanni masu tsoronsa.