Kashi na 14: Kunun zakin Inna da darasin masu giyar Amurka



Yau zan fara da abin da zai sa wasu su ɗaure fuska: giya. Ku dakata, kar ku kashe. Haramun ce gare mu, kuma tun 2000 dokar shari'a ta hana ta a Sakkwato. Darasi kawai nika son mu ɗauko.

A 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta bai wa mutane damar dafa giya cikin gidajensu. Samari suka duƙufa, suna aunawa, suna rubuta zafin ruwa da yawan hatsi, suna zuba wani fure mai ɗaci da suke kira hops, wanda ke ba ta ƙamshi ya kuma hana ta saurin lalacewa. Daga tukunyar gida, wasunsu suka kafa kamfanoni.

To mi ya haɗa mu da su? Kunun zaki.

Innata a Mabera ta fi shekara 20 tana yin shi. Ta jiƙa gero, ta niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu. Kashi guda ta sheƙa mai tafasasshen ruwa ya yi kauri. In ya ɗan huce, ta zuba ɗanyen da ta haɗa da tsiron dawa da dankali, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito. Sai da na shiga jami'a na gane dalili: tsiron nan yana da sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, kuma in ƙullun ya cika zafi sinadarin mutuwa yake. Wanga mataki shi ne na farko wajen masu giya ma. Su sukan zuba yis su jira kwanaki sukarin ya koma barasa, mu ko nan muke tacewa mu sha.

Amma fa zaƙin ba ya jira. Azumin bara aka ɗauke wuta kwana biyu, ga zafi ya haura 40. Gora 60 suka yi tsami, wasu har sun kumbura. Inna ta zubar da su a kwata, ta ce ba za ta sayar wa mai azumi abin da take shakka ba. Jarinta na sati ya tafi.

Abin da ya dame ni ke nan. Sun ɗauki abin shansu da daraja, mu ko muna raina namu. Ina 'yan kimiyyar da muka gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo muna zaman jiran aiki? Wa ya zauna da iyayenmu mata ya auna, ya rubuta? Ni dai na sayo ma'aunin zafi da littafi. Mun fara da dafa kunun bayan tacewa, da sabbin goruna maimakon tsintattu. Yana ƙara daɗewa, amma da sauran aiki.

In akwai mai kunu, zoɓo ko fura gidanku, je ka tambaye ta inda take asara. Ku rubuto min amsar a ƙasa.

Sai shiri na gaba. Allah shi bar mu tare.